Sabon Sarkin Ƙofa: Yadda Kamfanoni Su Ke Tsare Dukiyarsu Cikin Kwamfuta

Tun zamanin kakanni, tambaya biyu ce ke gaban kowane mai dukiya. Ta fari, wane ne wannan da ke tsaye bakin ƙofa? Ta biyu, in an san shi, ina ne iyakar inda za a bar shi ya shiga? Saboda waɗannan tambayoyi Kanta ya kewaye Surame da ganuwa, aka yi mata ƙofofi, aka sa masu tsaro. Saboda su ne kuma maigida ya ke gina zaure, baƙo ya tsaya nan ya yi sallama, ba ya wuce cikin gida sai an yi masa iso.

Mutanen Argungu ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Ruwan Matan Fada yana nan shekara duka, kifi yana ciki, masunta kuma suna ganinsa, amma ba mai jefa koma sai ranar da aka ba da izni. Tun shekara ta 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara aka soma bikin kamun kifi, dubban mutane su kan jeru bakin gulbi da koma da gora, ba mai taka ruwa sai Sarkin Ruwa ya gama nasa aiki an ba da alama. Watau an san mai izni, an san lokacin izni, an kuma san wanda ke ba da shi.

To, yau dukiyar kamfanoni da bankuna da ofisoshin Gwamnati ta ƙaura daga akwatin ƙarfe ta koma cikin kwamfuta. Lissafin kuɗi yana can, sunayen ma'aikata da albashinsu suna can, bashin da a ke bin kamfani da wanda ya ke bin mutane duk suna can. Ganuwa ba ta tsare wannan, gama ɓarawon yana iya zama a wata ƙasa ya shigo ta intanet, maigadi yana zaune bakin ƙofa da sandarsa bai ga kowa ba. Shi ya sa aka ƙago wata irin manhaja, watau tsarin umurnin da kwamfuta ke bi, wadda aikinta ke nan: ta tantance mai neman shiga, ta kuma auna masa iyakarsa. A cikin wannan bayani za mu kira ta manhajar tsaron ƙofa.

Asalin Abin

Kalmar sirri ta kwamfuta ba sabuwa ba ce. Wajen shekara ta 1961, a wata babbar makarantar fasaha ta Amurka mai suna MIT, wani malami Fernando Corbató da abokan aikinsa suka shirya yadda mutane da yawa za su yi aiki da kwamfuta guda. Sai ya zama tilas kowa ya sami kalmarsa, don kada wani ya buɗe takardun wani.

Da kamfanoni suka girma, sai kalmomin suka yi yawa. Akawu guda yana da kalmar shiga wasiƙu, da ta lissafin albashi, da ta sito. In ya bar aiki, a rufe ɗaya a manta biyu. Maganin da aka samo shi ne a tara sunayen ma'aikata duka cikin rajista guda, kowace ƙofa ta riƙa tambayar wannan rajista kafin ta buɗe. Kamfanin Microsoft ya fito da irin wannan rajista mai suna Active Directory tare da Windows 2000. Daga baya ya yi wata wadda ke aiki ta intanet, a shekara ta 2023 ya sake mata suna Entra ID. A shekara ta 2009 aka kafa kamfanin Okta a Amurka, wanda wannan ita ce sana'arsa. Kamfanin Google shi ma yana da tasa. Sunaye daban daban ne, amma aikin guda ne.

Aiki Biyar

Aikin fari shi ne rajista. Ran da aka ɗauki mutum aiki a kan rubuta sunansa, da sashensa, da muƙaminsa, da sunan shugabansa. Mutum guda, suna guda. Ba a yarda mutum biyu su haɗa suna ba, ko da tebur ɗaya su ke zaune.

Na biyu shi ne neman shaida. Faɗin suna ba ya isa, gama kowa na iya cewa shi ne wane. Shaida iri uku ce. Akwai abin da mutum ya sani, kamar kalmar sirri. Akwai abin da ya ke riƙe da shi, kamar wayarsa da a ke aiko wa lamba mai mutuwa bayan ɗan lokaci kaɗan. Akwai kuma abin da ke jikinsa, kamar zanen yatsa ko kamannin fuska. Kamfani mai hankali ya kan nemi biyu daga cikin ukun nan. Mai katin ATM ya riga ya san wannan, ko da bai san sunansa ba: kati yana hannunsa, lamba tana kansa, ɗaya ba ta aiki sai da ɗaya.

Na uku shi ne auna izni. A nan ƙa'idar ita ce, a ba kowa gwargwadon abin da aikinsa ke bukata, kada a ƙara masa ko da ƙofa ɗaya. Ba a bin mutum ɗaiɗai a na rarraba mabuɗai. Muƙami a ke ɗaura wa izni, duk wanda ya hau muƙamin ya sami mabuɗansa, in ya sauka su tsaya wa magajinsa.

Na huɗu shi ne rubuta sawu. Duk wanda ya shiga, manhajar ta kan rubuta sunansa, da sa'ar da ya shiga, da abin da ya taɓa, da na'urar da ya yi aiki da ita. Mai binciken kuɗi in ya zo ba ya bukatar rantsar da kowa, littafin yana nan.

Na biyar, wanda ya fi sauƙin faɗi ya kuma fi yawan mantuwa, shi ne karɓe mabuɗi. Ran da mutum ya bar aiki, ko aka sallame shi, ko ya rasu, a rufe sunansa a rajista, nan take ƙofofi duka su rufe masa.

Misali Daga Injin Shinkafa

Don abin ya fito fili, mu ɗauki sana'ar da ta fi kusa da mu. Fadamun gulbin nan sun mai da Jihar Kebbi ɗaya daga cikin manyan wuraren noman shinkafa a Nijeriya. A Birnin Kebbi akwai injin gyaran shinkafa na Labana. A Argungu kuwa, cikin watan Agusta na 2017 Farfesa Yemi Osinbajo, sa'ad da ya ke riƙon muƙamin Shugaban Ƙasa, ya buɗe injin WACOT, wanda aka gina don ya gyara tan 120,000 a shekara. Kowane kamfani da nasa tsarin cikin gida. Abin da za mu kwatanta shi ne yadda manhajar ke aiki a kowace masana'anta mai irin wannan girma.

A ce mota ta iso da shanshera. Akawun sikeli ya shiga da sunansa ya rubuta nauyi. Yana iya rubutawa, amma in ya riga ya tura ba ya iya sakewa, sai shugabansa ya sa hannu. Mai duba kyawun shinkafa ya rubuta laimarta da yawan tsakuwa, shi kuwa ba ya ganin farashi. Mai sito ya karɓa ya rubuta buhu nawa suka shiga. Akawun kuɗi ya shirya biya, amma ba shi ke sakin kuɗin ba, sai ma'aji ya duba ya yarda. Ma'aji kuma ba shi da ikon ƙara sunan sabon mai sayarwa a rajista.

Me ya sa aka rarraba haka? Domin in mutum guda ke iya ƙirƙiro sunan manomi, ya rubuta masa nauyi, ya kuma biya shi, to an ba kura ajiyar nama. In kuwa aikin ya bi ta hannu huɗu, ba a yin cuta sai mutum huɗu sun haɗa baki, kowannensu kuma sawunsa na rubuce. Bankuna sun daɗe da wannan dabara tun kafin kwamfuta, inda ɗakin ajiyar kuɗi ba ya buɗuwa sai ma'aikaci biyu sun zo kowa da mabuɗinsa. Manhajar ta ɗauko tsohuwar dabara ce ta shimfiɗa ta bisa kowane tebur.

Kada kuma a ɗauka maigida kaɗai wannan ke wa amfani. Akawu mai gaskiya ya fi kowa cin moriyarsa. A inda mutum biyar ke shiga da suna guda, in buhu ɗari suka ɓace zargi ya kan faɗa kan wanda ba shi da uban gida. A inda kowa ke da sunansa, littafi ne zai wanke shi.

Manomi Da Lambarsa

Rajistar cikin gida ba ta amfani in ba a san mutanen waje da a ke hulɗa da su ba. Wannan ya kawo mu ga lambobi biyu da yanzu kowa ya sani. A watan Fabrairu na 2014 Babban Bankin Nijeriya ya fito da lambar BVN. A kan ɗauki zanen yatsun mutum da hoton fuskarsa, a ba shi lamba mai alƙalami 11, ko asusu nawa gare shi a bankuna nawa, lambar guda ce. Hukumar NIMC kuma, wadda aka kafa da dokar 2007, ita ke ba da lambar zama ɗan ƙasa ta NIN, ita ma alƙalami 11. A watan Disamba na 2020 Gwamnati ta ba da umurni a haɗa kowane layin waya da NIN.

An ga amfanin wannan da wuri. A farkon 2016 Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya ta gwada sunayen masu karɓar albashi da lambobin BVN, ta ba da sanarwar cire sunaye fiye da 23,000 na ma'aikatan bogi, waɗanda ke cin fiye da Naira biliyan 2 kowane wata.

Manoman Kebbi suna cikin na fari da suka ɗanɗana wannan tsari a gona. Ran 17 ga watan Nuwamba 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo jihar nan ya ƙaddamar da shirin Babban Banki na ba ƙananan manoma rance, wanda a ke kira Anchor Borrowers. A lokacin da a ke gudanar da shirin, manoma su kan haɗu ƙungiya ƙungiya, a ba su iri da taki da sauran kayan aiki bashi, in sun girbe su kai wa babban mai saye, a cire bashin. Sharaɗin shiga a lokacin shi ne asusun banki da BVN. Mutane da yawa da ba su taɓa taka ƙofar banki ba, a lokacin suka dangwala yatsa.

Amma akwai darasi a nan. Bashi mai yawa na wannan shiri bai komo ba, an kuma yi ta gardama a kansa shekara da shekaru. Lamba tana iya tabbatar da cewa wannan mutum shi ne wane. Ba ta iya tabbatar da cewa yana da gona, ko zai biya, ko ambaliya ba za ta cinye shukarsa ba. Sanin mutum aiki guda ne, yanke shawarar abin da ya cancanta a ba shi wani aiki ne, wannan kuwa har gobe yana wuyan mutane.

Sai Bango Ya Tsage

Manyan ɓarnar da aka yi wa kamfanonin duniya, in an bi sawunsu, sau da yawa ba wata gwaninta ce ta buɗe ƙofa ba. Mabuɗi aka tsinta.

A shekara ta 2021 aka shiga kwamfutocin kamfanin Colonial Pipeline na Amurka, mai bututun da ke kai kusan rabin man da gabashin ƙasar ke sha. Ɓarayin sun shiga da kalmar sirri ta wani tsohon suna da aka daina aiki da shi amma ba a rufe ba, ƙofar kuma ba ta neman shaida ta biyu. Aka tsai da bututun kwana biyar, gidajen mai suka ƙafe, kamfanin ya biya fansa wajen dala miliyan 4.4. Aiki na biyu da na biyar da muka lissafa a sama, su aka yi wa sakaci.

A ƙarshen 2013 kuma aka sace bayanin katin banki wajen miliyan 40 daga kantunan Target. Ɓarayin sun bi ta sunan wani ɗan kwangila mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, daga nan suka ratsa har inda a ke karɓar kuɗi. Da an tsai da ɗan kwangila iyakar aikinsa, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

A watan Satumba na 2023 aka durƙusad da otal otal na kamfanin MGM a Las Vegas, kamfanin da kansa ya ce hasarar ta kai wajen dala miliyan 100. Labarin da ya bazu shi ne, wani ya buga waya ofishin da ke taimakon ma'aikata, ya yi shigar burtu da sunan wani ma'aikaci, aka sake masa mabuɗi. Ga manhaja mai tsada, amma mai riƙe da ita aka yaudara da daɗin baki.

Aron Mabuɗi

Mu a nan, babbar tsagar bangonmu ita ce kunya da kara. Manaja zai tafi ɗaurin aure Jega, sai ya kira akawu ya ce, "Ga lambata, in an kawo takarda ka sa mini hannu." Akawu ba ya iya cewa a'a ga maigidansa. Tsoho ya je wurin mai POS a kasuwa, ya miƙa kati, ya kuma faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi jama'a na ji, don idonsa ba ya ganin madannai. Wata ta karɓi waya, murya mai ladabi ta ce daga banki ne, za a rufe asusunta in ba ta karanto lambar da aka aiko mata yanzu ba. Ta karanto. Kafin la'asar asusun ya zama wayam.

Jama'a su riƙe wannan da kyau: banki ba ya tambayar lambar sirri, ba ya kuma tambayar lambar da ya aiko ta waya. Duk wanda ya tambaya, ko da wace irin murya, ɓarawo ne. Aron kalmar sirri kuwa daidai ya ke da sa hannu a farar takarda a ba wani ya cike. Abin da aka aikata da sunanka, kai littafi zai nuna.

Mu da ke aikin ilmi wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma bisa kwamfuta gaba ɗaya, ɗalibi ba ya shiga ɗaki sai ya dangwala yatsa, tun 2021 kuma ba a yi masa rajista sai da NIN. Wannan ya rage masu rubuta wa wasu jarrabawa. Manyan makarantu na ƙasar nan suna ta mai da rajistar ɗalibai da sakamakonsu cikin kwamfuta. A yankin nan kaɗai muna da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, da Kwalejin Fasaha ta Waziri Umaru, da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi wadda aka kafa a 2013. Dukiyar makaranta ita ce amincin takardar shaidarta. Malami ya shigar da makin darasinsa kaɗai, shugaban sashe ya duba, in an tabbatar a kulle, duk wanda ya sake ko da maki ɗaya sunansa ya fito. Ran da aka ji ana iya sayen maki a wata makaranta, takardar ɗalibinta mai ƙoƙari ma ta faɗi daraja a kasuwa.

Wahalar Da Ke Ciki

Gaskiya ta sa a faɗi cewa wannan sarkin ƙofa ba shi da tausayi. Manomi ko masunci da ya shekara arba'in yana aiki da hannu, zanen yatsunsa ya kan goge, na'ura ta ƙi shi alhali shi ne. Mutum ya rubuta Muhammadu a banki, Mamman a katin ɗan ƙasa, sai kwamfuta ta ce mutum biyu ne, ya yi ta zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni. Wani wurin babu sabis na waya, lambar da aka aiko ta mutu kafin ta iso. Matar aure da ke amfani da wayar mijinta, lambar sirrinta a hannun wani ta ke sauka.

Kamfanin da ke son hulɗa da talakawa tilas ya tanadi hanya ta biyu ga irin waɗannan, amma ita ma ta zama mai rajista, a san jami'in da ya yarda da dalilinsa. In ƙofa ta cika tsauri, mutane su kan haura ta katanga, su rubuta kalmar sirri a takarda su liƙa jikin tebur.

Akwai kuma amana. Wanda ya tara zanen yatsun mutane da hotunansu ya ɗauki kaya mai nauyi, gama kalmar sirri in an sace a na sakewa, yatsa kuwa ba a sake shi. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfutar wani ba da izni ba, da yin shiga da sunan wani. A watan Yuni na 2023 kuma aka sa hannu a dokar kare bayanan jama'a, wadda ta ɗora wa kamfani nauyin tsare abin da ya tara, ta kuma ce in an yi ɓarnar da za ta cuci mutane ya sanad da hukuma cikin sa'a 72.

Abin Da Ya Kamata

Ba sai mai babban inji ke bukatar wannan ba. Mai kantin magani, da mai sayad da taki, da mai shagon POS da yara uku, kowa na iya somawa yau ba da kashe kuɗi mai yawa ba.

Ya zauna ya rubuta sunan duk wanda ke iya taɓa kuɗinsa ko littafinsa, har da ɗan kwangila da yaron da ya kafa masa kwamfuta. Ya ba kowa sunansa na shiga. Ya kunna shaida ta biyu a asusun banki da na wasiƙa. Ya raba mai rubutawa da mai biya, ko da ɗansa ne na cikinsa. Babban mabuɗin da ke buɗe kome ya tsaya hannun mutum ɗaya ko biyu, kada a yi aikin yau da kullum da shi. Bayan kowane wata uku ya ɗauko rajistar ya bi suna suna yana tambaya, wannan har yanzu yana tare da mu? Wannan da aka mayar sito, me ya sa har yanzu ya ke da mabuɗin ofishin kuɗi?

Makarantunmu na horad da malamai su ma da nasu rabo. Malamin da za a tura ƙauye shi ne wanda dattawa za su kawo wa waya ya karanta musu saƙo. In ya fita kwaleji ya san abin da a ke faɗi da abin da ba a faɗa wa kowa, ya tsare dukiyar gari guda.

Manhajar tsaron ƙofa ba ta barci, ba ta karɓar goro, ba ta kuma jin kunyar kowa. Amma abin da aka rubuta mata shi ta ke bi. In rajista ta tsufa ba a gyara ba, za ta buɗe wa wanda aka kora bara, ta yi masa maraba. Kuɗi ke sayen manhaja, kula da ita kuwa aikin maigida ne, ba a ba da shi kwangila. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu, amin.